Neman shawara: wagon ko ƙaramar jif don zirga-zirgar Kano zuwa ƙauye, mai daɗin zama wadda ba ta shan mai

Manomin Ringim ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san mota kuma suka san hanyoyinmu na karkara. Ina zaune a Kano saboda aiki, amma iyayena da gonata suna wani ƙauye gaba da Ringim, kuma kusan kowane ƙarshen mako nakan je, na bi ta Gezawa da Zakirai. Zuwa da dawowa yakan kama kusan kilomita 190. Mafi yawan hanyar kwalta ce, sai dai kilomita 15 na ƙarshe burji ne mai gargada da rairayi, kuma idan damina ta kankama a watan Agusta akwai wani gangare da ruwa ke kwanciya a ciki har ya koma taɓo.

Motar da nake da ita yanzu ƙaramar salun ce, kuma cikinta ya yi kusa da ƙasa. A bara sau biyu ina gyara salansa, sannan ran nan da na ɗauko mahaifiyata zuwa asibiti, sai da ta riƙe kujerar gaba da hannu biyu tun daga ƙofar gida har muka hau kwalta, saboda tana fama da ciwon baya. Wannan ne ya sa na ƙudurta canza mota. Amma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin fetur ya zama abin da nake fara lissafawa kafin komai, don haka ba zan iya da babbar jif ba, ko da an ba ni ita da araha.

Ina son mota ta hannu wadda za ta ɗauki mutum biyar da buhun hatsi biyu ko uku a baya, ta wuce wannan hanya ba tare da gugar ƙasa ba, kuma kada ta cinye albashina a gidan mai. Wani abokina ya ce na sayi Highlander, wani ya ce Pontiac Vibe, wani kuma ya ce RAV4 ko CR-V. Wacce ce ta dace da irin halin da na bayyana? Allah ya saka da alheri.

Bakaniken Ƙofar Ruwa ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Ka kyauta da ka faɗi yanayin hanyar, domin waɗannan kilomita 15 su ne za su zaɓa maka mota. Kwalta kowace mota tana iya binta.

Ka fara cire Highlander daga lissafi. Mota ce mai daɗin zama ƙwarai, amma yawancin waɗanda ake samu a kasuwarmu masu silinda shida ne, kuma ga nauyin jiki, saboda haka mai bin kilomita 190 duk mako zai ji a aljihunsa tun a watan farko. A nawa ganin, zaɓinka yana tsakanin RAV4 da CR-V masu silinda huɗu, kuma idan ni ne, RAV4 ta 2009 zuwa 2012 zan nema. Dalilin da ya sa na ambaci shekarun shi ne, RAV4 ta 2006 zuwa 2008 tana ɗauke da inji mai lita 2.4 wanda aka san shi da shan baƙin mai saboda matsalar zoben fistin, har kamfanin da kansa ya fitar wa garejojinsa sanarwar gyara a kai. Daga 2009 aka koma inji mai lita 2.5, wanda ya fi wancan ƙarfi, kuma bai fi shi shan fetur ba. Jikin motocin kusan iri ɗaya ne a ido, don haka kada ka dogara da maganar dillali. Ka duba lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, domin harafi ko lamba ta goma a cikinta ita ce ke nuna shekarar ƙirar motar. Ka kuma kula cewa akwai RAV4 mai silinda shida a waɗannan shekarun, wadda ba ita kake nema ba.

Tazarar cikinta da ƙasa ta kai wajen santimita 19, tankinta lita 60 ne, kuma yawancinsu safayar taya cikakkiya ce a rataye a ƙofar baya, ba 'yar siririyar da ake ɓoyewa a ƙarƙashin but ba. Wanda ya taɓa yin faci da magariba nesa da mai faci ya san darajar wannan. Masu irinta da ke zuwa garejinmu, idan injin yana da lafiya, sukan ce lita ɗaya tana kai su kilomita 10 zuwa 11 a doguwar hanya. CR-V ta 2002 zuwa 2006 ma tana da tsayi mai kyau da faɗin ciki, sai dai ta kwana biyu, kuma mai jan tayoyi huɗu a cikinsu tana buƙatar nata man na musamman a giyar baya. Idan aka zuba mata man giya na gama-gari, za ka ji tana gurnani duk lokacin da ka sha kwana.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, yawan shan man da ake kuka da shi a motocinmu sau da dama hannun mutane ne ya jawo shi. Za ka tarar an cire na'urar da ke daidaita zafin inji, an haɗa fanka kai tsaye da makulli wai don ƙasarmu da zafi, alhali injin da bai kai zafin aikinsa ba kwamfutarsa za ta ci gaba da ƙara masa mai tamkar yanzu aka tayar da shi da asuba. Za ka kuma tarar an farke salansa an kwashe abin nan mai tace hayaƙi da muke kira indomi an sayar, an bar na'urar auna hayaƙi tana aika saƙon da ba daidai ba. Saboda haka kafin ka biya ko sisi, ka je da bakanikenka, ba na mai sayarwa ba, a jona mata kwamfuta, a ɗaga ta a leƙa ƙasanta don tsatsa, domin motocin da suka fito daga yankunan ƙanƙara na Amurka da Kanada gishirin da ake watsawa a titi yakan ci su ta ƙasa. A ɗaga kafet a shinshina ko ta taɓa nutsewa a ruwa, sannan a tantance takardun kwastan.

Tsohon Direban Tasha ya rubuta:

Ɗana, na karanta bayanin Malam bakanike, kuma ban ga kuskure a ciki ba, amma ina da ja a kan cewa dole sai jif. Na yi shekaru ina jan Fijo 504 doguwa, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna a da, bayan kamfanin ya fara aiki a 1975, kuma tayoyin baya biyu kaɗai ke janta, amma babu kasuwar ƙauyen da ba mu kai fasinja da kaya ba, rani da damina. Abin da ya sa ta yi daɗin zama shi ne laushin shoka da tsawon jikinta da kaurin robar tayarta. Jif ɗin zamani da yawa, saboda tsayinsu, an taurara ƙafarsu don kada su riƙa tangaɗi a kwana, shi ya sa fasinjan baya yakan ji gargada fiye da yadda ya zata. Tunda lafiyar bayan Hajiya ce ta tayar da maganar, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ni Pontiac Vibe nake hawa yanzu, mai inji lita 1.8. Ita da Toyota Matrix uwa ɗaya uba ɗaya suke, injinsu kuma irin na Corolla ne, don haka ko a Ringim ko Gujungu ta tsaya maka za ka samu wanda ya san kanta, kayan gyaranta kuma ba sa wuya. A tafiyar kwalta, idan ban wuce gudun 90 zuwa 100 ba, nakan samu kilomita 13 a lita, wani lokacin fiye. Ka lissafa da kanka: a kilomita 190, bambancin mai cin 13 da mai cin 10 ya haura lita 4 a kowace tafiya, kuma makonni 52 ne a shekara. Bayanta kuma roba ce mai tauri, ka kwantar da kujeru ka loda buhun gero, ka share da tsumma idan ka sauke.

Ba zan ɓoye maka ba, ba ta kai RAV4 tsayi ba, kuma idan ka loda buhu uku da mutum biyar za ta zauna sosai. Amma kowacce ka saya, ka guji manyan rim masu siririyar taya da samari ke so, ka nemi taya mai kaurin gefe. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Idan ta haura shekara shida, kada zanenta ya ruɗe ka. Idan kuma za ka shiga rairayi mai zurfi, ka rage iska kaɗan, ka riƙe giya ɗaya ba tare da tsayawa ba, sannan ka mayar da iskar da zarar ka hau kwalta, domin taya mai ƙarancin iska tana ƙara shan mai, kuma tana yin zafi.

Ma'aikaciyar Lafiya daga Haɗeja ta rubuta:

Baba direba, Allah ya ƙara girma, amma ina roƙon a ba ni dama na faɗi abin da na gani. Aikina yana kai ni ƙauyukan Guri da Kirikasamma, inda ƙasa ke jiƙewa sosai idan kogi ya cika, kuma na fara wannan aiki ne da ƙaramar wagon mai jan tayoyin gaba. Wata ranar Laraba cikin damina ta kafe mini a taɓo da akwatin allurar rigakafi a baya, ƙanƙarar ciki tana narkewa, sai da wasu bayin Allah suka bar gonarsu suka zo da shanun huɗa suka ja ni. A zamanin da Baba yake magana, motar haya cike take da maza waɗanda za su sauka su tura. Malam kuwa zai iya kasancewa shi kaɗai ne da dattijuwa marar lafiya a mota, da dare.

Tun da na koma RAV4 mai jan tayoyi huɗu ban sake kafewa a wannan wurin ba. A kwalta tayoyin gaba ne ke yawan aiki, na baya sai an buƙace su, don haka ƙarin man da take sha a kan mai jan biyu bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma maɓallin da ake dannawa a kulle jan huɗun idan za a ratsa taɓo a hankali, yana sakin kansa idan gudu ya wuce kilomita 40 a awa. Game da Hajiya, abin da na lura da shi wajen ɗaukar tsofaffi shi ne tsayin kujerar ya yi daidai da ƙugu, ba sai sun durƙusa sun shiga ba, ba kuma sai an ɗaga su ba. Shawarata ita ce, ranar gwajin motar ka zauna a kujerar baya, wani ya tuƙa, ku bi hanya marar kwalta.

Manomin Ringim ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Lissafin Baba ya tsaya mini a rai, domin lita 4 duk mako ba wasa ba ne, amma labarin Hajiya ma'aikaciyar lafiya shi ne ainihin abin da nake tsoro a gangaren nan namu, don haka zuciyata ta fi karkata ga RAV4 mai jan huɗu. Tambaya ɗaya ta rage, Malam bakanike: idan na saye ta, ko zai dace na mayar da ita mai amfani da gas ɗin CNG da gwamnatin tarayya ke ƙarfafa wa mutane gwiwa a kai, don na cike wannan giɓin?

Bakaniken Ƙofar Ruwa ya rubuta:

Malam, gas ɗin ya fi fetur araha, kuma motar da aka juya tana ci gaba da aiki da fetur idan gas ya ƙare, amma a halin da kake ciki ina ganin ka dakata tukuna. Tukunyar tana da nauyi, kuma a but ake ɗaure ta, wato daidai inda kake son ajiye buhunanka, sannan nauyinta zai ƙara danne bayan motar da ka saya saboda tsayinta. Wuraren ɗura shi ma a manyan birane suke, don haka sai ka tabbatar akwai wanda ke kan hanyarka kuma kana samu ba tare da dogon layi ba. Idan ka yanke shawarar yi daga baya, ka je cibiyar da aka amince da ita, kada ka yarda a ɗaura maka tukunyar da aka yi wa walda a gefen titi, domin matsin wannan gas ya ninka na girki sau da yawa.

Kuɗin juyawar, ka fara kashe wani abu daga ciki a kan shoka huɗu masu kyau, da filogi na asali, da matatar iska, wadda a ƙurar hunturu irin ta hanyarku za ka riƙa buɗewa kana dubawa duk bayan tafiya biyu ko uku. Ka cika tanki, ka rubuta lambar mita, ka je ƙauye ka dawo, ka sake cikawa a famfo ɗaya, sai ka raba kilomitan da litar da ta shiga. Idan abin da ya fito ya gaza 9, ka dawo nan ka faɗa mana, mu bi ta ɗaya bayan ɗaya mu ga inda man yake tafiya.