Na gama bautar ƙasa, ta ina zan kama aikin zanen gini?

Sadiq: Assalamu alaikum manyanmu. Na yi digirin farko a fannin zanen gine-gine a ABU Zariya, watan jiya kuma na kammala bautar ƙasa. Kawuna ya ce in zana masa gidan bene a Kumbotso, zai haɗa ni da abokansa masu shirin gini. Akwai kuma wani ofishi a Kano da suka ce in zo, amma albashin da ƙyar zai ishe ni kuɗin mota. Wanne zan kama?

Yaya Bala: Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara sanin matsayinka a doka tukuna. Digirin farko bai mai da kai akitek ba. Sai ka yi digiri na biyu, ka yi shekara 2 ƙarƙashin wanda ke da rajista, ka ci jarrabawar ƙwararru, sannan ARCON, hukumar rajistar akitek ta Najeriya, ta yi maka rajista. Tun 1969 dokar take. Zanen kawun naka ma idan ya je KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, neman izini, hatimin mai rajista za a nema. Ka karɓi aikin ofishin.

Hauwa: Yaya Bala, na yarda, amma ba kowane ofishi ba. Sadiq, kafin ka ce to, tambaye su ko za su riƙa tura ka wurin gini. Ni shekara ɗaya da rabi na yi a wani ofishi a Abuja, ba abin da nake yi sai ƙawata hotunan gini a manhajar Lumion. Ranar da na fara zuwa wurin aiki, birkila ya kira ni ya ce, "Hajiya, zo ki hau matakalar nan da kika zana." Ina kai taki na shida kaina ya kusa dukan dakin, wato rufin kankare. Sai da aka fasa aka sake, mai gida ya yi asarar siminti da rodi. Har yau abin yana min ciwo, don da ina zuwa wurin gini tun farko da na gane tun a takarda.

Injiniya Nura: Bene kuwa kada ka kuskura ka taɓa ba tare da injiniyan da zai lissafa rodi da ginshiƙai ba. Rai ne a ciki. Ka kai aikin kawu wurin maigidanka na ofis, a yi shi da sunansa kai kana zanawa.

Sadiq: Na gode. Batun kwamfuta fa? Manhajojin zane na AutoCAD da SketchUp kaɗai na iya sosai.

Hauwa: Ƙara manhajar Revit. Kullum ka riƙe tef da ɗan littafi a aljihu.

Malam Sani: Ni wani ɓangare zan taɓo. Shekara 4 ka yi a Zariya, ka taɓa shiga tsohon Masallacin Juma'a ka ɗaga kai ka kalli bakan gizon rufin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura da azara da ƙasa? In ba ka taɓa ba, ka koma. Ka je Gidan Makama da azahar ka ji sanyin ɗakunan. Yaranmu suna zana gida da manyan tagogin gilashi suna kallon yamma, a watan Afrilu ɗaki ya koma tanda. Ka nemi hotunan aikin akitek Mariam Issoufou a Dandaji, can Nijar, inda ta gina sabon masallaci da bulon ƙasa ta mai da tsohon masallacin ya zama ɗakin karatu. Sannan ka zauna da matar kawun naka kafin ka ja layi ko ɗaya. Ita ta san inda za a yi girkin biki, da ƙofar da mata za su bi ba sai sun ratsa ta gaban baƙi maza ba.

Yaya Bala: Kuma ko kawu ne, a rubuta kuɗin aiki a takarda, ka karɓi wani abu kafin ka fara. "Ɗanmu ne ai" ta cinye wa matasa da yawa haƙƙinsu.

Sadiq: Allah ya saka da alheri. Gobe zan koma ofishin in tambaye su batun wurin gini.

Injiniya Nura: Ranar Asabar muna zuba dakin a Rijiyar Zaki. Ka zo da ƙarfe 7 na safe ka ga ɗaurin rodi kafin kankare ya rufe shi. Ka sako takalmi mai tauri.