Wace Kalma Za Mu Ba "Great Depression" da Hausa?

Assalamu alaikum, malamai da abokan aiki. Na buɗe wannan zare ne saboda wata kalma da ta tsaya mini a rai tun makon jiya, lokacin da aka ba ni duba fassarar wani shirin rediyo a kan rayuwar Amurkawa tsakanin 1929 da 1939. Matashin da ya fara fassarar ya ɗauki "Great Depression", sunan da ake kiran mawuyacin halin da arziki ya shiga a waɗannan shekaru, ya mayar da ita "Babban Baƙin Ciki", da na tambaye shi kuwa sai ya ce abin da manhajar fassara ta ba shi ke nan. Ban ga laifinsa sosai ba, domin kalmar tana da fuska fiye da ɗaya a Turanci: likita yana kiran ciwon damuwa da ita, masanin ƙasa kuma yana kiran wurin da ya lotsa da ita. Amma mai sauraro a Gumel ko Maraɗi, idan ya ji "Babban Baƙin Ciki", zai ɗauka wani babban mutum ne ya rasu aka shekara goma ana zaman makoki.

Na soke abin da ya rubuta na sa "matsin tattalin arziki", na ci gaba da aiki hankalina kwance, har na iso shafin da aka jera farashin kayan masarufi na wancan zamani. A nan na ajiye alƙalami. A kunnen Bahaushe na yau, matsin tattalin arziki ɗan'uwan tsadar rayuwa ne, wato mudun da ka saya jiya ya ƙara kuɗi yau. Abin da ke gabana kuwa akasin haka ne. Burodi yana senti 7 zuwa 8, tikitin silima bai wuce senti 25 ba, kan sarkin aika wasiƙa senti 2 ne kafin a mayar da shi senti 3 a 1932. Tsakanin 1929 da 1933 farashin kaya gaba ɗaya ya sauka da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Na manomi ya fi muni: awon alkama da suke kira bushel, mai nauyin kusan kilo 27, ya faɗo daga dala ɗaya da 'yan kai zuwa ƙasa da senti 40 a 1932, labar auduga kuma ta sauko daga kusan senti 17 zuwa kusan senti 6.

Arahar ta kai ga manoma a jihohin Iowa da Nebraska suna zuba masara a murhu domin ɗumama ɗaki, saboda ta fi kwal sauƙi. Masu kiwon shanu a Wisconsin sun riƙa tare motocin madara suna tuntsurar da ita a kan hanya a 1933, ko farashi ya ɗaga. A wannan shekarar gwamnati da kanta ta sayi 'ya'yan aladu kusan miliyan 6 ta sa aka yanka, alhali a birane mutane suna layin karɓar burodi da romo kyauta. Kaya suna nan jibge, kuɗin saye ne babu, domin mutum ɗaya cikin kowane huɗu masu neman aiki ba shi da aikin yi, bankuna kusan 9,000 kuma sun rufe tsakanin 1930 da 1933, da yawa sun tafi da ajiyar mutane. Akwai wani hoto da na daɗe ina kallo: magidanci sanye da kwat da malafa, takalminsa a goge, yana tsaye a bakin titin New York gaban akwatin katako yana sayar da tuffa senti 5 guda. Shigarsa ta ma'aikacin ofis ce, sana'arsa ta 'yar talla. Kalmar da nake nema dole ta iya ɗaukar wannan mutum, kuma kada ta sa mai sauraro tunanin tsada. Ina jiran shawarwarinku.

Na gode da amsoshin da suka shigo, kuma zan bi su gwargwadon nauyinsu. Malamin da ya kawo "fatara" da wanda ya kawo "zamanin babu", Allah ya ƙara basira, amma fatara hali ce da mutum zai iya tasowa a cikinta tun haihuwa, ba ta nuna cewa an taɓa samu aka rasa, "zamanin babu" kuwa kowace tsara tana da nata. "Durƙushewar tattalin arziki" ta fi kusa, sai dai ina ganin ta fi dacewa da abin da ya faru cikin 'yan kwanaki, wato faɗuwar kasuwar hannun jari ta New York a ranakun 24 da 29 ga Oktoba 1929, ba shekaru goman da suka biyo baya ba.

Wani dattijo ya tambaya me zai hana a kira ta yunwa, tunda kakanninmu sun san Kakalaba ta wajejen 1914 kuma sun ba ta suna da kansu. Ranka ya daɗe, bambancin yana cikin rumbu. A Kakalaba ruwa ne ya ƙi, rumbu ya zama wayam, hatsi ya yi tsada. A Amurka ta 1932 rumbuna cike suke, mai hatsin ne ake sayar da gonarsa a gwanjo saboda ya kasa biyan bashin banki, har maƙwabta suka ƙirƙiro dabarar cika wurin gwanjon su hana kowa tayi mai tsoka, su saye gonar da 'yan sentoci su mayar wa mai ita. Fari da guguwar ƙura sun zo daga baya a Oklahoma da Kansas da arewacin Texas, musamman a 1934 da 1935, suka kori dubban iyalai zuwa California, amma wannan masifa ce da ta hau kan wata.

Hajiyar da ta kawo "kwantai" ta fi kowa taɓa ni, domin kalma ce ta cikin kasuwa wadda na tashi ina jin ta a bakin mahaifina duk ranar da ya dawo da atamfofinsa yadda ya fita da su. Lallai abin da ya sami Amurka kwantai ne na ƙasa guda: alkama ta yi kwantai, motoci sun yi kwantai, ƙarfin ɗan ƙwadago ma ya yi kwantai. Ko dogon benen nan na Empire State a New York, da aka buɗe a 1931, ya daɗe yawancin ofisoshinsa ba masu haya, har mutanen gari suka riƙa yi masa laƙabin benen da ba kowa. Zan yi amfani da kalmar a cikin bayani, Hajiya, amma ba zan sa ta ta zama suna ba, saboda kwantai na yini ne ko na mako, gobe mai kaya yana sa ran ciniki, kuma ba ta faɗin komai game da banki da ajiya da bashi.

Shawarar da nake ganin ta fi ita ce "Babbar Karayar Arziki", kuma da gangan na cire "tattali". Karayar arziki ba ƙirƙirar ɗakin labarai ba ce, tsohuwar magana ce da kowane Bahaushe ya san ma'anarta: attajiri ne da jiya ake layi a ƙofar gidansa, yau jarinsa ya karye, masu bin sa bashi sun fi masu gaishe shi yawa. Tana nuna an samu kafin a rasa, kuma shekarun 1920 a Amurka shekarun samu ne, na sayen mota da rediyo da hannun jari a kan bashi. Ba ta kawo tunanin tsada. Mutumin nan mai kwat da tuffa, idan ka nuna wa tsohuwa hotonsa ka ce karayar arziki ce ta same shi, ba sai ka ƙara bayani ba.

Akwai kuma wata riba da ban lura da ita ba sai da na sake karanta labaran Maris 1933. Karaya a Hausa ba ta ƙashi da jari kaɗai ba ce, zuciya ma tana karaya. Lokacin da Franklin Roosevelt ya karɓi mulki daga Herbert Hoover ranar 4 ga Maris, mutane suna ta rububin kwashe kuɗinsu daga bankuna, tsoron kowa yana jawo abin da ake tsoro. Jigon jawabinsa na rantsuwa shi ne cewa tsoron kansa shi ne abin tsoro. Ya rufe bankunan ƙasar duka na 'yan kwanaki, sannan ranar 12 ga wata ya yi wa jama'a bayani ta rediyo cikin harshe mai sauƙi, a farkon jawaban da aka riƙa kira hirar bakin murhu, da aka buɗe bankuna kuwa sai mutane suka fara mayar da ajiyarsu. Ke nan ɓangaren zuciya da matashin nan ya hango a "baƙin ciki" bai ɓace ba, yana cikin "karaya", ba tare da an mayar da zamanin na makoki ba.

Zamanin kuwa ba na makoki ba ne, kuma shirin da nake dubawa rabinsa nishaɗi ne. Masu gidajen silima, domin jawo 'yan kallo, sun riƙa nuna fim biyu a kuɗin ɗaya, wasu dararen kuma su ba kowace mace faranti ko kofi kyauta, har ta tara na gida guda idan ta dage da zuwa. An yi gasar rawa ta kwanaki da makonni, inda matasa ke jan ƙafa suna gyangyaɗi a kafaɗar juna saboda abincin da ake ba su da kyautar ƙarshe. Wasan Monopoly, na saye da sayar da filaye da kuɗin takarda na wasa, ya bazu daga 1935 a gidajen da ba su iya biyan haya. Kamfanonin fulawa da suka lura mata suna ɗinka wa yara riguna da buhunansu sai suka fara buga furanni a jikin buhun. A 1938 miliyoyin mutane sun kewaye akwatunan rediyo suna sauraron yadda ɗan damben Amurka Joe Louis ya kayar da Max Schmeling na Jamus tun a zagayen farko. Wanda ya karye yana dariya, yana zuwa kallo, yana yin gatse, kuma sunan da za mu zaɓa bai kamata ya toshe wannan ba.

Ga ƙorafin da ya fi ƙarfi, daga wani ɗan jarida: ai kafofin labarai sun riga sun yi amfani da "karayar tattalin arziki" wajen fassara "recession", kamar yadda aka yi ta ji a Najeriya a 2016. Gaskiya ne, Malam, amma an kuma yi amfani da "koma-bayan tattalin arziki" da "mashassharar tattalin arziki", kuma su suka fi dacewa da wancan. A 2016 arzikin Najeriya ya ragu da ƙasa da kashi 2 cikin 100, na Amurka kuwa ya ragu da fiye da kashi 25 cikin 100 tsakanin 1929 da 1933. Mashasshara tana sauka bayan kwana biyu, karaya kuwa sai an yi ɗori an yi jinya, wani lokaci ma ɗorin ya goce, kamar yadda aka sake faɗawa a 1937 da 1938, rashin aiki bai kau ba sai da Yaƙin Duniya na Biyu ya buɗe masana'antu. Idan muka bar koma-baya ga ƙaramar, muka keɓe karaya ga babbar, mun sami matakai biyu kamar yadda masana tattalin arziki suke bambantawa.

Ban yarda a ƙara "ta Amurka" a jikin sunan ba. Jamus tana da marasa aiki kusan miliyan 6 a 1932, Brazil ta riƙa ƙona buhunan kofi, mu ma ta iso mu: farashin gyaɗa ya faɗi a Kano, an rage ma'aikata a haƙar kuza ta Jos bayan yarjejeniyar taƙaita haƙowa ta 1931, haraji da jangali kuwa dole a biya su da tsabar kuɗi. Inda ake bukatar fayyacewa sai a ce "Babbar Karayar Arziki ta shekarun 1930".

Haka na sa a takardar shirin, kuma an riga an naɗi kashi na farko. Kalma ɗaya ta rage mini a kashi na biyu, wato "Hooverville", sunan da marasa gida suka ba unguwannin bukkokin kwano da kwali da suka kafa a gefen birane, don yi wa Shugaba Hoover da ya ce a 1928 Amurka ta kusa gamawa da talauci ba'a. Jaridar da mutum ya lulluɓa da ita a kan benci ma bargon Hoover suke ce mata, aljihun da aka zazzago waje babu ko sisi kuma tutar Hoover. "Unguwar Hoover" daidai ce amma ba ta da yaji. Na rubuta "Tudun Wadan Hoover" da fensir a gefen takarda, ina jiran in ji ko mutanen Tudun Wada za su yafe mini.