"Laifi tudu ne": da wa ake?

Ɗan Misfala:
Salamu alaikum. Jiya bayan isha'i rigima ta kaure tsakanin yayana da matarsa kan igama, wato takardar izinin zama a Saudiyya. Shi ya dage kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa a kan takardun zamansa, shi ne ya cuce shi. Ita kuma ta ce a 2013 hukuma ta buɗe ƙofar gyaran takardu daga Afrilu har Nuwamba, maƙwabta suka yi ta canza kafili, shi yana gobe-gobe. Ta rufe da "laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani." Ya ce ba a yi wa wanda aka zalunta wannan karin magana. Wa ya fi gaskiya?

Malam Sabo, Jidda:
Wa alaikumus salam. Matar yayanka ta sa maganar inda ba gurbinta ba. Ai da magulmaci ake, mai bin diddigin mutane.

Ummu Halima:
Allah gafarta Malam, ban yarda ba. Wanda ya taka tudu ƙafarsa na gaya masa. Ya san da shi sarai, ƙin duban ƙasa kawai yake yi. Da mai ruɗin kansa ake.

Abu Nasir:
A bi a hankali dai. Akwai kafilin da zai karɓi kuɗinka ya kashe waya, ko ya rubuta maka hurub, wato ya kai rahoto wai ka gudu, kana zaune lafiya, sai ka farka a Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, ana jiran jirgi. Irin wannan ma tudunsa ya taka?

Hajiya Indo:
Ɗana Abu Nasir, ji labarin kakata. Da ƙafa suka baro ƙasar Katagum ita da kakanmu da niyyar Makka, suka ratsa Barno da Wadai, suka yada zango a Mai Wurno ta ƙasar Sudan, bakin kogi. Guzuri ya ƙare, ya shiga cirar auduga a Jazira, wai kaka ɗaya. Duk shekara sai ya ce baɗi za mu ƙetare. Bana auduga ba ta yi kuɗi ba, baɗi mai gona ya danne masa awo, wata shekarar jakinsa ya mutu. Kuma fa duk gaskiya ne, ba ƙarya yake ba. Amma kuɗi na shigowa sai ya ƙara ɗaki, ya sayi akuya. Har ya bar duniya ba ya yarda a ce masa mazauni, shi dai matafiyi ne. Ita kuwa ƙosai take toyawa, tana tura 'yan kuɗin cikin tulu ta binne ƙarƙashin gado. Da ta lura tsoron teku yake ya kasa faɗa, ranar ta tono tulunta ta ce, "Malam, in ba za ka ba, ka ce ba za ka ba, in daina ɗaure kaya." Bai tanka ba sai da gari ya waye, ya ce ta tafi da ƙaninsa. Ta Sawakin suka hau jirgin ruwa, mahaifiyata na goye.

Ummu Halima:
Allahu akbar. Inna, to ya biyo ta?

Hajiya Indo:
Ina fa, 'yata. A Mai Wurno aka binne shi. Amma har ta rasu ba ta yarda a zage shi, cewa take ranar nan kaɗai ya yi mata gaskiya, kuma ta ishe ta.

Malam Sabo, Jidda:
Hajiya, Allah ya jiƙansu, amma wannan ai ba laifi ba ne, rabo ne. Ƙasarsa ce a can.

Bala Direba:
Masu tudu na nan tafe goman ƙarshe, Malam. Su kama ɗaki a benen agogo, su leƙo Ka'aba ta taga suna kuka Allah ya gyara Najeriya, albashin malaman makaranta na aljihunsu.

Abu Nasir:
Nasu ya wuce tudu, dutsen Jabalun Nur ne. Kai ma Bala bara ba kai ka ɗauko ɗaya daga filin jirgi ba?

Bala Direba:
Na ɗauko, Yaya, kuma har yau ina bin yaronsa riyal ɗari biyu.

Ɗan Misfala:
Jama'a ba ku ba ni amsa ba fa. Yayana ya ce yana karantawa, wai a tambayi Hajiya ko ƙanin kakan nata ya koma Mai Wurno.

Hajiya Indo:
Wannan wani dogon labari ne, a Jidda ya yi aure. Bari in sauke tukunya.