Ɗinkina duk ya koma iri ɗaya, ina neman shawara

Mai tambaya, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni tela ce, shagona na kusa da Kasuwar Barci, atamfa da leshi nake ɗinkawa. Damuwata ita ce kaina ya daina kawo sabon abu. Ko wane yadi aka ajiye min, da na ɗauki alli sai hannuna ya fitar da wuyan nan da na saba. Wata kwastoma ta ce ko daga nesa ta hango riga a gidan biki ta san ni na ɗinka, kuma ba yabona take yi ba. Ga Sallah na matsowa. Basirar ce ta ƙare, ko akwai abin yi?

Malamin ilimin halayyar ɗan Adam, Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam. Hajiya, basira na nan, sabo ne ya tare mata hanya. A 1942 wani masani a Amurka, Abraham Luchins, ya ba mutane lissafin tuluna uku. Ɗaya na cin awo 21, ɗaya 127, ɗaya 3, a fitar da awo 100 na ruwa. Sai an cika babban, a rage da matsakaicin sau ɗaya, da ƙaramin sau biyu. Ya yi ta ba su masu irin wannan hanyar har ta zauna musu. Sannan ya ba su 23, 49 da 3, a fitar da 20. Nan 23 a cire 3 kawai ya isa, amma mafi yawansu doguwar hanyar suka sake bi. Waɗanda ba a horar da su ba kuwa nan take suka ga gajeriyar. Wuyan nan naki ya taɓa kawo miki kasuwa, shi ya sa ƙwaƙwalwa take miƙo shi kafin ki ma tambaye ta. Ki sa wa kanki doka: sati guda, wannan wuyan haramun ne a shagonki. Dole kai ya nemo wani.

Dattijon tela, Kawo:
Malam ya yi gaskiya, amma 'yata kada ki gwada sabon yanka a leshin mutane, ana dab da Sallah. Ki tara ƙyallayen da ke ƙarƙashin keke, ki yi 'yan ƙananan riguna da su. In ya lalace ba mai binki bashi. Su ma kwastomomin da laifinsu, kowacce ta zo "irin na wance nake so".

Ɗaliba, Malali:
Anti, a aji an taɓa ce mana mu rubuto duk amfanin da bulo zai yi banda gini. Gwajin wani masanin halayyar ɗan Adam ne, J. P. Guilford. Na farko-farkon duk iri ɗaya kowa ya rubuta, sai can ƙasan takarda ake samun na daban. Ki zana wuya goma a zama ɗaya, kada ki soke ko ɗaya sai kin gama. Zaɓe daga baya.

Uwargida, Barnawa:
Ni dai na ce ki huta. Ina tsakiyar wanke-wanke dabaru suke faɗo min.

Malamin Unguwar Rimi:
Maganar Uwargida tana da tushe. Tun 1926 wani masani, Graham Wallas, ya lissafa hutun nan cikin matakan ƙirƙira, sai dai bayan an sha fama da matsalar yake zuwa, ba kafin ba. A yi zanen goma tukuna, sannan a tashi a yi wanke-wanken.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, to kallon hotuna a Instagram fa? Kullum ina yi, amma ban ga canji ba.

Malamin Unguwar Rimi:
Amin. Nan ma akwai tarko. A 1991 wasu masu bincike, Jansson da Smith, sun nuna wa masu zanen injiniya samfuri kafin su fara aiki, sai aka ga suna kwaso siffofinsa, har da aibobin da ke jikinsa. Ki fara naki zanen kafin ki buɗe waya. In za ki kalla kuma, ki bar rigunan mata, ki duba aikin hula, ko aska takwas a babbar riga, ko zanen bangon tsofaffin gidajen Zariya.