Wai From Zero ya fi duk abin da Linkin Park suka yi tun bayan Meteora?

Sadiq: Jama'a sati biyu kenan ba abin da nake ji sai From Zero, albam ɗin da ƙungiyar kiɗan rock ta Linkin Park ta fitar a 2024, kuma zan faɗi magana ko da za a yi min ca. Tun bayan Meteora na 2003 Linkin Park ba su fitar da albam ɗin da ya kai wannan ba. Waƙoƙi 11, duka-duka minti 32, kuma wallahi babu ko ɗaya da nake tsallakewa

Hauwa: Haba Sadiq, ka san me ka faɗa kuwa? Tsakanin Meteora da 2024 albam 5 fa suka yi, duk ka tattara ka watsar a jimla ɗaya? Har da A Thousand Suns?

Mubarak: ni kun ma yi nisa. Ba babban mawaƙinsu Chester Bennington ba Linkin Park, shi kenan. Da sun canza suna da ban ce uffan ba

Sadiq: Mubarak ka saurara dai ko kuwa?

Mubarak: Na ji waƙarsu The Emptiness Machine ranar da ta fito a Satumban 2024, da Mike Shinoda ya fara har tsigar jikina ta tashi, amma da sabuwar mawaƙiyarsu Emily Armstrong ta shigo a baiti na biyu sai na kashe. Ba wai ba ta iya ba ne, ta iya, kawai kunnena jiran wata murya yake yi kuma muryar nan ba za ta zo ba. Chester ya rasu ranar 20 ga Yuli 2017 kuma har yau in na sa Numb sai na yi shiru

Yaya Nasir: Mubarak ƙanena babu mai ganin laifinka a kan wannan, duk mun ji rashin nan. Amma batun suna bari in tuna maka. Ƙungiyar nan da sunan Xero ta fara a 1996 a Kalifoniya, mai waƙarsu na farko Mark Wakefield ne, sai a 1999 Chester ya shigo. Sunan sabon albam ɗin ma daga can ya samo asali. Mike Shinoda da Brad Delson da Joe Hahn da Phoenix su ma guminsu ne, shekara 7 suka yi ba su hau dandamali da sunan nan ba, to in ce musu su binne shi saboda me?

Mubarak: To Yaya ai mai gangarsu Rob Bourdon ma bai dawo ba, wani Colin Brittain ne a kan ganga, Brad kuma ya daina bin su yawon wasa sai aikin sutudiyo kawai. In ka je kallonsu yau rabin fuskokin baƙi ne

Hauwa: Ni matsalata ba Emily ba ce ko kaɗan, tun tana ƙungiyar Dead Sara muryarta akwai tsatsa da ƙarfi, kuma Over Each Other da ta rera ita kaɗai ta fi min daɗi a albam ɗin gaba ɗaya. Matsalata tsoro ne. Albam ɗin kamar an zauna an ce me masoya ke kewa, a ba su. Two Faced kana ji ka san ƙanwar One Step Closer ce, yadda jita ke sara da yadda Joe ke goga faifai duk iri ɗaya. Heavy Is the Crown kuma an sa mata dogon ihu a tsakiya don a tuna maka da na Chester a Given Up mai daƙiƙa 17. To ni abin da ya sa nake son su shi ne ba sa maimaita kansu. A 2010 mutanen nan suka yi A Thousand Suns, albam sukutum a kan tsoron yaƙin nukiliya, suka sa muryar Oppenheimer wanda ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya, suka sa jawabin Martin Luther King muryar tana narkewa a hankali har ta koma ta na'ura, waƙa na shiga cikin waƙa ba ka ma san inda ɗaya ta ƙare ba, dole ka ji shi daga farko har ƙarshe. Ina irin wannan ƙarfin halin a From Zero?

Sadiq: Amma Hauwa ki faɗi gaskiya, lokacin da A Thousand Suns ya fito ai zagi ya sha

Hauwa: ya sha, yanzu kuma fa? Waɗanda suka zage shi su ne ke yabonsa

Yaya Nasir: Nan ne ma abin ke ci min rai. A 2007 da suka yi Minutes to Midnight da furodusa Rick Rubin aka ce sun rage rap sun yi sanyi. A 2014 suka dawo da kiɗa mai nauyi a The Hunting Party, masu cewa a dawo da nauyin da yawa ba su ko waiwaye shi ba. Sai One More Light a Mayun 2017, aka yi musu rubdugu wai sun koma pop don kuɗi, har Chester ya riƙa mayar da martani cikin fushi, wata biyu bayan nan ya rasu. Yau an ba mutane irin sautin da suka yi shekara 20 suna roƙo, an ce kwaikwayo ne. Ni ban yarda da Sadiq cewa ya fi duka ba, Minutes to Midnight yana gabansa a wurina, amma kalmar tsoro ta yi tsauri Hauwa. Wanda ya tashi daga doguwar jinya ba da gudu yake farawa ba

Hauwa: Na ji Yaya, na janye tsoro, in ce taka-tsantsan. Amma in albam na gaba ma haka ya zo zan dawo da kalmata

Sadiq: Ku je ku sake jin Overflow tukunna, kiɗan nan a hankali yake tafiya kamar ana jan ƙafa cikin ruwa, ba shi da ɗan'uwa a albam ɗinsu na farko Hybrid Theory ko Meteora. Sannan Casualty, Mike da kansa yana ihu da murya a shaƙe, yaushe kuka saba jin haka? Duk wanda ya ce ba sabon abu a ciki waƙoƙin da aka yi wa bidiyo kawai ya ji

Hauwa: Overflow kam na ba ka. Ita ce ma hujjata ai, da sun yi irinta 5 da ba ma wannan musun

Mubarak: wacce ce ta nawa a jerin?

Sadiq: ta 7, tana bin Casualty

Mubarak: To zan gwada ta da daddare. Amma tsofaffin waƙoƙin da take rerawa a wasa kar wanda ya turo min, In the End da wata murya ban shirya ba tukuna