Injin wankina mai ƙofar gaba ya fara ƙara: in gyara ko in sayi ɗan kwatano?

Maman 'yan biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema don Allah. Injin wankina mai ƙofa a gaba ne, mai cin kilo 7, cikin kayan ɗakina aka kawo shi. Kwanan nan in ya zo matse kaya sai ya kama ƙara kamar injin markaɗe, har maƙwabciyata ta aiko ko lafiya. Wani lokacin kuma ya tsaya da ruwa a cikinsa, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Mai gyara ya zo, ko bayansa bai kwance ba ya ce boris ne, wato ƙarfen da gangar zuba kaya ke juyawa a kansa, kuɗin da ya yanka ya kusa kashi ɗaya cikin uku na kuɗin sabo. Ƙarshen wata zan ɗauki adashi. Ba zai kai sabo ba, amma zai sayi ɗan kwatano. Maigidan ya ce in zaɓa da kaina. A Kano muke, ruwan bohol ne da tanki a sama.

Mai gyaran firji da injin wanki, Kaduna: Wa alaikumus salam Hajiya. Ciwo biyu kika lissafa, kuma da wuya a ce tushensu ɗaya. Tsayawa da ruwa galibi datti ne ya toshe matatar famfon fitar da ruwa. Ki cire soket, ki duba ƙasan injin ta gaba, akwai 'yar ƙaramar ƙofa. A mafi yawan injina za ki ga siririn tiyo a ciki, ki zare toshiyarsa ruwan ya tsiyaye a faranti mai faɗi, sannan ki murɗa babban murfin da ke gefensa ki fito da shi. Ki shimfiɗa tsumma, ruwa zai zuba. Ƙofar kuma ba lalacewa ta yi ba, haka aka ƙera ta, ba ta sakin kulle muddin da ruwa a ciki, don haka kada a ɓalle ta da ƙarfi. Ga masu LG wannan matsalar OE take nunawa a allon injin, a Samsung kuma 5E ko 5C. Wannan bai kai a biya kowa ko sisi ba.

Sai maganar ƙara. Ki buɗe ƙofa ba kaya a ciki, ki juya gangar da hannu ki saurara. In kika ji gurnani mai kaushi, boris ne. Daga nan ki kama leɓen gangar ta sama ki ɗaga ki sauke. In tana karkaɗa ita kaɗai, bahon da ke kewaye da ita bai motsa tare da ita ba, abin ya yi nisa, wataƙila har ƙarfen nan mai ƙafa uku da ke riƙe da ita ta baya ya ruɓe. Ki gwada ki dawo mana da labari kafin ki ba kowa kuɗi.

Hajiya Babba: 'Yata, ni dai ki ji tawa. Ki sayi mai baho biyu sabo fil, wanda ake zuba masa ruwa da bokiti, ki huta. Ba shi da fanel, wato allon lantarkin da ke sarrafa inji, wanda wuta za ta ƙona, makunni ne kawai kike murɗawa. Ƙaramin janareto yana jansa, in an ɗauke wuta ki tsame kayanki ki ƙarasa da hannu, babu ƙofar da za ta kulle miki su. Ruwan da kika wanke farare da shi ki wanke masu duhu. Masu ƙofar gaban nan na ƙasar da wuta ba ta ƙyaftawa ne.

Malamar asibiti: Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma mai 'yan biyu ga aiki ga girki, yaushe za ta tsaya a kan inji tana kwashe kaya daga wannan baho zuwa wancan? Amfanin mai ƙofar gaba ke nan, ki zuba ki tafi sabgarki. Kuma bai da cin ruwa, wanki ɗaya lita 50 zuwa 60 ne, jarkar mai ruwa biyu da ɗoriya. Wuta ma hita ce ke cinye ta, ita kaɗai tana jan wajen wat 2,000. In aka saita shi a ruwan sanyi, sola mai matsakaicin ƙarfi tana ɗaukarsa, ni da rana nake wankina. Abin da ba a wasa da shi shi ne sitabilaiza.

Hajiya Babba: To ai kin ji, sai an haɗa masa da sola da sitabilaiza. Ita kuma adashi ɗaya gare ta.

Baban yara, Zariya: Zan yi magana a kan ɗan kwatano, don na taɓa sayensa. Araha ba ta ado. Injin da ya yi shekaru a gidan wani a Turai, boris ɗinsa ma ya ci rabin tafiyarsa, sai ki sayi irin ciwon da kike gudu. In dai dole sai shi, ki karanta takardar da ke liƙe a bayansa ko a bakin ƙofa. Dole ki ga 220 zuwa 240V da 50Hz, ita ce irin wutarmu. Na Amurka yawanci 120V ne da 60Hz, kada ki taɓa shi ko kyauta ne. Kada kuma ki yarda da "ga shi ya kawo wuta". A jona masa ruwa a shagon, ya sha, ya zubar, ya matse har ƙarshen gudunsa kina tsaye. Ki tambaya ko ana samun fanel ɗinsa a kasuwa, domin wasu sunayen ba wanda ya san su ko a kasuwar Alaba ta Legas, ran da fanel ya ƙone shi ke nan. A tsaye za a ɗauko shi, a hankali, saboda tsofaffi ba sa zuwa da notocin da ke ɗaure ganga lokacin tafiya.

Amaryar bana: Anti, wane omo kike sa masa? Ni an gargaɗe ni kada in sa na wankin hannu.

Maman 'yan biyu: Na dawo, Allah ya saka da alheri. Malam, na buɗe matatar, na tarar da allurar hijabi biyu, maɓalli, da safar yaro ta naɗe. Yanzu yana zubar da ruwa sarai. Gangar kuwa tana gurnani in na juya, amma ba ta karkaɗa. Na leƙa ƙasansa na ga ɗigon ruwa mai launin tsatsa ta baya. Ƙanwata, omon da nake wankin hannu da shi nake zubawa, kuma ina cikawa.

Mai gyaran firji da injin wanki, Kaduna: Madalla. Ɗigon tsatsar nan ya faɗi komai: robar da ke tare ruwa a bayan ganga ce ta saki, ruwa ya shiga boris ya wanke masa giris. Mai gyaranki ya canka daidai ke nan, kuma tunda gangar ba ta karkaɗa, ina ganin ki gyara. Ki daina amfani da shi daga yau, don duk matsar da ya yi yana ƙara cin sandar ganga, in ta yi rami sabuwar roba ba za ta riƙe ruwa ba.

Kafin ki biya, ki sa ya kwance murfin sama ku duba bahon waje tare. In rabi biyu ne aka haɗa da notoci, aikin mai sauƙi ne. In a narke aka liƙe shi tun daga kamfani, sai an yanka da zarto a sake mannewa. Ana yi, amma wani yana riƙewa wani yana yoyo, a nan kam gara ki bi shawarar Hajiya Babba ki sayi mai baho biyu, ki ci gaba da tari.

Boris biyu ne a ciki, a canza su duka tare da robar, ba ɗaya ba. Lambarsu tana rubuce a jikinsu, irin su 6205 ko 6206, kuma ba na injin wanki kaɗai ba ne, masu sayar da kayan injina a Sabon Gari suna da su. Ki sa maigidan ya sayo masu kyau da kansa, ki biya kuɗin aiki daban. In an fito da gangar a nuna miki ƙarfen mai ƙafa uku. In ya tsage ko ya yi farin gari yana marmashewa, a tsaya a sake lissafi, domin kuɗinsa daban ne kuma ba kullum ake samunsa ba.

Omon kuma amarya ta yi gaskiya. Ki nemi mara yawan kumfa wanda aka rubuta na inji ne, ki rage awo, ki daina cusa bargo da zannuwa lokaci ɗaya, nauyi ne ke kashe boris. In kin gama wanki ki bar ƙofar a buɗe ta sha iska.

Maman 'yan biyu: Na kira mai gyarana, ya ce gobe bayan la'asar zai zo mu duba bahon. In mai notoci ne zan ce ya fara aiki.