Ɗokin Fina-finan Sararin Samaniya Ya Ragu, Amma Na Kasa Barin Zauren Masoya

Ɗan Gwammaja ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da wasu za su iya ɗauka ƙarami, amma ni ya daɗe yana ci mini rai. Tun ina sakandare nake bin fina-finan almarar kimiyya, musamman Star Wars, a zamanin da sai mutum ya je Ƙofar Wambai ko Bata ya nemo faifai, ya dawo gida yana addu'ar kada a ɗauke wuta kafin fim ya ƙare. Da aka saki sabon kashi a 2015, bayan Disney ya sayi Lucasfilm, kamfanin da yake shirya Star Wars, a 2012, ni da wasu abokai muka buɗe zaure a WhatsApp domin masoya irin waɗannan fina-finai a nan Kano, kuma har yau ni ne nake kula da shi.

Damuwata ita ce ɗokin ya tafi. A da nakan raba dare ina karanta tarihin kowace duniya da kowane jarumi, yanzu kuwa sai a tura mini sabon shiri mai dogon zango, ya yi watanni a waya ban buɗe shi ba. Ba na cewa sababbin ba su da kyau, tunda ban zauna na kalle su da nutsuwa ba. Hidimar shago da ta iyali ta ƙaru, amma na san ba ƙarancin lokaci ne kaɗai dalili ba. Duk da haka, da zarar na yi niyyar fita sai zuciyata ta ƙi, domin a zauren nan akwai waɗanda suka halarci ɗaurin aurena, suka kuma zo mini ta'aziyyar mahaifina. Shin zama cikin masoyan abin da ka daina ɗokinsa yaudarar kai ce, ko kuwa akwai hanyar da mutum zai zauna da gaskiyarsa?

Baba na Fagge ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka. Ni tsohon malamin makaranta ne, kuma ba ta silima na fara shiga wannan duniya ba, domin a lokacinmu abin da ya fi yawa a gidajen siliman Plaza da El Dorado shi ne fina-finan Indiya da na Chana. Littafin Umaru Dembo, Tauraruwa Mai Wutsiya, wanda ya fito a 1969, shi ne ya fara sa ni ɗaga kai in dubi sama da daddare ina tunanin abin da ke can. Fina-finan Amurka daga baya suka zo suka tarar da wannan sha'awa.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne, jira ne yake ciyar da ɗoki. Fina-finai uku na farko na Star Wars sun fito a 1977 da 1980 da 1983, wato shekara uku tsakanin kowanne, sannan aka yi shekara 16 ba a ci gaba da labarin a silima ba sai a 1999. A wannan tsakanin masoya suna sake kallon na da, suna gardama, suna kintace. Tun daga 2019 da aka fara sakin shirye-shiryen Star Wars masu dogon zango ta intanet, kafin ka gama narkar da ɗaya wani ya iso. Mangwaro ma da a ce duk shekara yana kan faranti, da ba mu riƙa ɗokin shigowarsa da bazara ba. Saboda haka ba lallai ne ƙaunarka ta mutu ba, wataƙila ba ta samun sararin yin kewa ne.

Ka kuma dubi masoyan Star Trek, wani shirin talabijin na Amurka a kan tafiye-tafiyen sararin samaniya. An fara nuna shirin a 1966, da suka ji ana shirin dakatar da shi a 1968 suka yi ta aika wasiƙu har aka ƙara zango ɗaya, amma aka tsayar da shi a 1969. Ba su watse ba. Sun riƙa buga ƙananan mujallu da kuɗinsu, sun yi babban taro a New York a 1972, kuma sai a 1979 aka yi fim ɗin farko na silima. Abin da ya riƙe su a waɗannan shekaru shi ne haɗuwa da juna, ba sabon kaya ba. Shawarata ita ce ka zauna, amma ka sauke wa kanka nauyin cewa dole sai ka kalli komai.

Maman Haidar, Tarauni, ta amsa:

Baba ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina neman afuwarsa, zan ɗan bambanta da shi ta fuska ɗaya. Malam, zama a zaure daban, riƙe ragamarsa daban. Na taɓa zama a wani zaure na masoya Doctor Who, shirin nan na Ingila da aka fara a 1963, aka dakatar a 1989, aka dawo da shi a 2005. Masu kula da zauren sun gaji da shirin amma sun ƙi sauka, sai ya zamana duk yaron da ya zo da murnarsa a kan sabon kashi, amsar da yake samu ita ce na da ya fi. A hankali yaran suka daina magana, zauren ya zama wurin tuna baya kawai. Ban ce haka kake yi ba, amma wanda zuciyarsa ta yi sanyi ba ya iya ɓoyewa, ko da a yadda yake amsa saƙo ne. Ka miƙa ragamar ga wanda jininsa yake tafasa yanzu, ka koma ɗaya daga cikin manya.

Game da mutanen da suka tsaya maka ranar farin ciki da ranar baƙin ciki kuwa, waɗannan sun wuce abokan kallon fim. Zumunta a ƙafa take, ka riƙa zuwa inda suke ko da ba za a ambaci kumbo ko takobin haske ba.

Akwai kuma tambayar da nake so ka yi wa kanka tsakaninka da Allah. Fina-finan ne kaɗai suka fita daga ranka, ko kuwa har hira da abinci da kasuwa ba ka jin daɗinsu kamar da? Idan na biyun ne, musamman ga wanda ya yi rashin mahaifi, to maganar ta wuce ta fim, kuma ya kamata ka tattauna da wani babba da ka yarda da shi ko ka ga likita.

Ɗalibi daga Kabuga ya amsa:

Yaya, ina cikin zauren naka, kodayake ban cika magana ba. Mu da muka taso muka tarar da waya, sababbin nan su ne na farkonmu, a wajen masu tura fina-finai muka same su, ba mu taɓa riƙe faifai ba. Bayanin da ka taɓa rubutawa a kan dalilin da ya sa kashi na huɗu na Star Wars ya riga na ɗaya fitowa shi ne ya warware mini tsarin labarin gaba ɗaya, har na tura wa abokaina a aji. Ba ma bukatar ka kalli sabo, mu za mu ba ka labarinsa. Abin da muke roƙo shi ne idan mun yi tambaya a kan tsofaffin, a samu wanda zai amsa ba tare da ya raina mu ba.

Ɗan Gwammaja ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na yi wa kaina tambayar taki, kuma alhamdu lillahi sauran al'amura ina jin daɗinsu, fina-finan ne kaɗai suka yi sanyi. Zan bi shawararki a kan ragama, in bi ta Baba a kan zama. Yau da daddare zan sanar a zauren cewa ina neman mutum biyu da za su karɓi kulawa, kuma ƙanena na Kabuga, ina so ka zama ɗaya daga cikinsu idan karatu zai bar ka. Baba, har yanzu kana da kwafin littafin nan na Umaru Dembo? Ban taɓa karanta shi ba, kuma idan ka ba ni izini zan zo Fagge ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci in ara.